Littafin Hadari: koya wa kwikwiyo inda zai yi fitsari

Asabar, 11 ga Mayu, 2024

Yau da la'asar maigida ya shigo da shi cikin kwali, ɗan kwikwiyo ja mai baƙin baki, sati takwas da haihuwa. Ruwa biyu ne, uwarsa karyar gida, ubansa irin karnukan nan na 'yan sanda. Sun shigo hadari na haɗuwa ta wajen Mile 12, shi ya sa yara suka sa masa suna Hadari.

Ni ban so ba, kuma ban ɓoye wa maigida ba. Amma sau biyu cikin wata uku ana haura mana katanga a nan Ikorodu, na farko aka cire batirin mota, na biyu aka kwance injin jan ruwa. Shi kuwa kafin asuba ya bar gida zuwa kasuwa, wani lokaci idan motar albasa ta iso da dare ma can yake kwana. Daga ni sai yara uku. Ya tambayi malamin masallacinmu, malam ya ce malamai da yawa sun halatta ajiye kare don gadin gida idan akwai buƙata, kamar yadda aka halatta na farauta da na kiwo da na gona. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ƙwaryar da ya sa baki a ciki sai a wanke ta sau bakwai.

To fitsarin da kashin su ne damuwata. Mai walda bai gama keji ba, ga damina, ga ɓeraye manya a bayan gida, don haka dole ya kwana a sito, wanda ƙofarsa ke buɗewa cikin lungun da ya haɗa kicin da falo. Kafin magariba ya tsuguna sau uku a kan tayil. Na ware masa shafuka a ƙarshen littafin awon ɗinkina, zan riƙa rubuta komai da lokacinsa.

Litinin, 13 ga Mayu

Jiya fitsari tara, kashi uku, duk a cikin gida. Yau zuwa isha'i fitsari takwas, kashi huɗu. Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a sito, ya yayyaga su, ya koma gefe ya yi abinsa. Na ware zani ɗaya da silifas ɗaya na aikinsa kaɗai, na rataye su a ƙusa bayan ƙofar kicin, don kada in riƙa shakkar kayan da zan yi salla da su.

Laraba, 15 ga Mayu

Mun kai shi asibitin dabbobi. Wanda ya sayar wa maigida ya ce an yi masa allura, amma ba kati, don haka likita ta ce a fara daga farko. Ta yi masa allurar haɗaka ta farko, wadda ke kare shi daga cutar fabo, mai sa kwikwiyo amai da gudawa mai tsanani, da wasu cututtuka, ta ba shi maganin tsutsar ciki, ta ce a maimaita maganin tsutsar duk sati biyu har ya cika sati 12, daga nan wata-wata har wata shida.

Na nuna mata littafina ina jin kunya, ita kuwa ta karanta shi layi-layi. Ta ce, "Hajiya, babu abin da ke damunsa, mafitsararsa ce ƙarama." A ƙiyasin da masu kiwon karnuka ke bi, kwikwiyo na riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa. Ɗan wata biyu ke nan awa biyu, idan yana wasa ma bai kai haka ba. Cikakken riƙo ba ya samuwa sai wajen wata huɗu zuwa shida. Ta sa yatsa a kan lokutan da na rubuta, ta nuna min abin da ke gabana ban gani ba: kusan duka sun faɗo ne da ya tashi daga barci, ko jim kaɗan bayan cin abinci, ko yana tsakiyar guje-guje da yara.

Ta hana madarar gwangwani da nake dama masa, ta ce ita ke sa kashinsa ruwa-ruwa. Abinci sau huɗu a rana a kan lokaci, a ɗauke kwano bayan minti 15. Kada ya taka titi ko ya haɗu da karnukan unguwa sai allurai sun cika, domin ƙwayar fabo na daɗewa watanni a cikin ƙasa.

Da dare maganin ya yi aiki. Tsutsotsi farare dogaye kamar taliya, wasu na motsi. Na kwashe da leda a hannu, na ɗaure, na wanke wurin. Likita ta riga ta gaya min ƙwan wannan tsutsa na iya shiga cikin yaro idan ya taɓa ƙasar da kashi ya daɗe a kai ya kai hannu baki, kuma autata shekararta biyu, komai a baki take sawa. Na kafa doka: ba a barin kashi ya kwana a tsakar gida, duk wanda ya taɓa Hadari ya wanke hannu da sabulu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na zaɓar masa wuri. Tsakar gidanmu duk siminti ne, sai wani ɗan fili a bayan gida kusa da tankin ruwa inda magina suka bar ragowar yashi. Babban ɗana ya kewaye shi da bulo huɗu. Na ɗauki tsumman da na goge fitsarinsa na binne a cikin yashin, don hancinsa ya gaya masa nan ne wurin.

Agogon da ba ya kuɓuce min shi ne kiran salla, sai na ɗaura aikin a kansa. Kafin in yi alwalar asuba na fitar da shi. Haka kafin azahar, la'asar, magariba da isha'i, sannan a tsakani duk bayan abinci da duk tashi daga barci. Na sa ƙararrawar waya ƙarfe 1 da ƙarfe 3:30 na dare. Daga sito ɗaukarsa nake yi a hannu, domin idan na bar shi ya taka, kafin mu kai ƙofar baya ya riga ya tsuguna.

A kan yashi ba wasa, ba magana, sai kalma ɗaya: "Yi maza." Ina tsaye riƙe da igiya. Da ya gama, tun bai ɗaga ƙafa daga wurin ba, sai in ce "Yawwa!" in miƙa masa dafaffiyar hanta gutsure kamar ƙwayar wake. Kwana biyun farko sai mun koma kicin nake ba shi, na lura ya fara yin rabin fitsari ya ja ni zuwa ƙofa, don a ganinsa ladan na komawa ciki ne. Yanzu hantar na ƙulle a bakin zanina.

Yau: shida a yashi, huɗu a cikin gida.

Alhamis, 23 ga Mayu

Jiya abin ya ɓaci. Maigida ya dawo a gajiye, go-sulo ya riƙe shi tun daga Ketu, ya cire takalmi ya taka fitsari a lungu da safa. Ya finciko Hadari daga inda yake kwance, ya dirza masa hanci a wurin, ya zabga masa silifas biyu. Ya ce haka ake yi a garinsu, kare sai da duka yake gane kuskurensa. Ban ce komai a gaban yara ba.

Fitsarin nan ya fi minti ashirin a wurin. Kwikwiyon barci yake yi lokacin da aka ɗauko shi. Yaya za a yi ya haɗa dukan da abin da ya yi tun ɗazu? Abin da ya gane na gan shi yau da idona. Da asuba na kai shi yashi, muka yi minti goma sha biyar, ya ƙi tsugunawa, sai kallona yake yi kunnuwa a kwance. Muna komawa ciki, na juya in ɗora ruwan zafi, ya sulale bayan firiza ya yi a can. Da azahar ma haka, wannan karon ƙarƙashin keken ɗinki. Bai koyi cewa cikin gida ba wurin fitsari ba ne. Ya koyi cewa yin fitsari a gaban mutum na jawo duka, ni kuwa duk aikina ya dogara ne a kan ya yi a gabana.

Bayan isha'i na kawo wa maigida abinci, na bari ya ci, sannan na buɗe masa littafin. Na ce, "Malam, dubi Lahadi, shida a waje. Dubi Talata, bakwai. Dubi yau, ɗaya tak." Ya daɗe yana kallo. Na ce masa dabba ce da ba ta da baki, mu muka raba ta da uwarta muka kawo ta gidan tayil, hakkinta na wuyanmu. Na tuna masa hadisin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce shi tsarkin gidan yake ji, yana tsoron ranar da zai yi salla da najasa a ƙafar wando bai sani ba. Wannan tsoron ni ma ina da shi, kuma na gaya masa haka. Muka yi yarjejeniya: idan ya ga ɓarna ya kira ni, kada ya taɓa karen. Idan kuwa ya kama shi yana cikin yi, ya tafa hannu sau ɗaya, ya ɗauke shi zuwa yashi ya ƙarasa a can.

Lahadi, 26 ga Mayu

Sai yau ya sake yarda ya yi a gabana ba ɗari-ɗari. Kwana huɗu muka yi asara.

Akwai wuri ɗaya a lungu, daidai kusurwar ƙofar kicin, da yake komawa kullum. Na goge da Omo, na bi da Izal har idanuna na yaji, gobe ya koma. Na durƙusa na duba da kyau: tayil ɗin sumul yake, amma simintin da ke tsakanin tayil da tayil ya sha fitsari ya canza launi. Ni ba na jin zarni, shi yana ji. Kuma mofar da nake goge fitsarin da ita nake zagaye lungun gaba ɗaya, ashe raba warin nake yi ko'ina.

Na kira likita. Ta ce in bar Izal, irin sinadarinsa na cutar da dabba idan ta taka ta lashe ƙafa. Kada in zuba Hypo kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe ƙirji. Kuma duk wani ruwan goge-goge mai amoniya a guje shi, domin warinsa ɗan'uwan na fitsari ne, kiran karen yake yi ya dawo. Abin da ya fi aiki shi ne ruwan wanki mai enzayim da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi, wanda ke narkar da abin da ke jawo zarnin. Kafin in samu, ruwan khal rabi, ruwa rabi.

Yanzu ga yadda nake yi. In tsane fitsarin da takarda, dannawa ba gogewa ba, in jefa a leda. In zuba ruwan khal ya kwanta minti goma, in bi layin simintin da tsohon buroshin haƙori, in tsane. Daga nan sai tsarki, wanda aiki ne daban: in kwarara ruwa zalla daga buta, in kora shi waje ta ƙofar baya. A karatunmu na Islamiyya ruwan da sabulu ko wani abu ya canza ba ya tsarkake najasa, sai ruwa tsantsa, har launi da wari su gushe. Khal na hancin Hadari ne, ruwan buta na sallarmu. Kusurwar kuma na ɗora mata jarkar ruwa, ya rasa inda zai tsuguna.

Asabar, 1 ga Yuni

Keji ya iso. Mai walda ya yi shi daidai girman da karen zai kai nan da shekara, don haka daren farko Hadari ya kwanta a kusurwa ɗaya ya yi kashi a ɗaya. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma idan wuri ya yi faɗi sai ya raba shi ɗaki da banɗaki. Maigida da kansa ya yanko falanki ya tare rabi, ya bar masa iya inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Mun ajiye kejin a barandar baya inda feshin ruwa ba ya kaiwa.

Ba na barinsa ciki fiye da awa biyu da rana. Idan an kulle shi ya wuce ƙarfinsa zai yi a inda yake kwance, kuma idan ya saba kwana cikin ƙazantarsa, an rasa babban abin da ake horon da shi.

Asabar, 8 ga Yuni

Allura ta biyu. Sati 12 cif. Na cire ƙararrawar ƙarfe 1, saura ta 3:30. Wannan satin gaba ɗaya ɓarna biyar a cikin gida, uku daga ciki ranar da na je kasuwa na bar shi da yara.

Na fara gane alamunsa. Yana cikin wasa sai ya tsaya cak, ya sa hanci ƙasa, ya fara zagaye kamar mai neman allurar da ta faɗi. Daga wannan zagayen zuwa tsugunawa bai fi a ƙirga biyar ba. Na koya wa yaran, yanzu har autata na nuna shi da yatsa tana cewa, "Umma, zai yi!"

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya Babbar Salla. Inna, mahaifiyar maigida, ta zo daga Agege tare da ƙannensa biyu da 'ya'yansu, gida ya cika. Tun safe hannuna na cikin kayan ciki da suya, littafi da agogo duk na manta. Yara suka buɗe kejin don su nuna wa baƙi.

Da Inna ta fito alwala ya ruga wajenta yana kaɗa bindi, ya kwanta ya birkice, fitsari na zuba kusa da ƙafarta. Ta yi salati ta ja da baya. Ta ce, "Yanzu ke da hankalinki kika yarda aka kawo miki wannan cikin gida? Mala'ikun rahama za su shigo nan?" Na durƙusa na ba ta haƙuri, na kawo ruwa ta wanke ƙafa, na ce mata ba ya shiga ɗakuna, kuma da ya yi ƙwari tsakar gida zai koma gaba ɗaya. Ba ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba. Irin wannan fitsarin daban yake da wanda nake fama da shi, na murna ne da nuna ladabi, ƙananan karnuka na yinsa ba da saninsu ba idan sun ga baƙo ko an yi musu tsawa. Ba a yi masa faɗa a kai, yawanci girma ke raba su da shi. Amma ranar salla, a gaban suruka, ba lokacin wannan bayanin ba ne.

Abin da ya fi wannan ya zo da dare. Duk wanda ya wuce sai ya jefa masa wani abu: kitse, tumbi, soyayyen nama da yaji da albasa, alhali albasa guba ce ga kare. Wajen ƙarfe 10, ana ta sallama da baƙi, ƙofar falo a buɗe, ya shiga ya yi gudawa a gefen kafet, taku biyu daga inda maigida ke shimfiɗa darduma. Na zauna a bakin kujera na yi hawaye. Sati biyar na tashin dare, ga inda muka dawo.

Muka naɗe kafet ɗin muka fitar. Cikin dare ya fita sau huɗu, duk ruwa. Hankalina ya tashi don allurarsa ba ta cika ba, na kira likita da sassafe ina ba ta haƙurin ranar hutu. Ta tambaye ni: yana amai? Akwai jini? Ya ƙi abinci, ya yi laushi? Warin ya fita daban, mai tayar da zuciya? Duk babu, yana ta tsalle yana neman kwano. Ta ce alama ta fi nuna kitsen ne, in ba shi farar shinkafa da dafaffiyar kaza ba mai ba gishiri, kaɗan-kaɗan, ruwan sha kada ya yanke. Idan ɗaya daga alamun can ya bayyana, ko gudawar ta wuce gobe, in kawo shi ba jira, domin kwikwiyo ba ya jure rashin ruwa a jiki.

Kafet ɗin yau muka wanke shi a tsakar gida ni da babban ɗana, da buroshi da sabulu, sannan muka yi ta kwarara ruwa har wanda ke fita ya zama garau. Rana ba ta fito sosai ba, yana rataye a katanga.

Asabar, 22 ga Yuni

Cikinsa ya daidaita tun Laraba, amma horon ya koma baya, ɓarna biyu ko uku kullum. Na koma tsarin satin farko. Idan ina ɗinki a baranda, igiyarsa na ɗaure a ƙafar kujerata, ba ya ɓace min da gani. Idan zan shiga ciki, keji. Maigida ya sa ƙaramar ƙofar katako a bakin lungu, iya gwiwa, mu mu tsallaka, shi ya tsaya.

Laraba, 3 ga Yuli

Tun kafin asuba ake ruwa, bai tsagaita ba sai da rana ta yi nisa. Hotunan da ke yawo a waya sun nuna motoci sun nutse a Iyana Oworo, maigida ma bai iya fita ba. Kwatar layinmu ta cika ta dawo mana tsakar gida, yashin Hadari ya shige ƙarƙashin ruwa baƙi mai ɗauke da leda da robobi.

Ban yarda ya taka wannan ruwan ba. Akwai cutar da ke bin fitsarin ɓera cikin ruwan ambaliya, tana kama kare tana kama mutum, kuma allurarsa ta ƙarshe sai Asabar. Na rasa yadda zan yi, shi kuma yana ta kuka a keji. Sai maigida ya ɗauko tsohon farantin tangaran babba da muke shanya barkono, ya cika shi da busasshen yashin da ya rage a buhu, ya ajiye a ƙarshen baranda. Na kai shi, na ce, "Yi maza." Ya shinshina, ya zagaya sau biyu, ya hau ya yi. A nan na san kalmar ta zauna masa, kuma ƙafarsa ta san yashi. Yau ko ɗigo bai yi a tayil ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Allura ta uku, da ta ciwon haukan kare, wadda za a riƙa sabuntawa duk shekara. Katin na cikin jakar takardun asibitin yara. Abinci ya koma sau uku. Mun zuba sabon yashi a bayan gida, na ɗaga wurin da bulo layi biyu saboda ruwa na gaba. Farantin na ajiye shi don ranar ambaliya kaɗai, ba na so ya saba da baranda.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ina yanka yadi wajen hantsi, ya tashi daga inda yake kwance, ya tafi bakin matakalar baranda iya tsawon igiya, ya waiwayo ya kalle ni, ya yi wani ɗan ƙaramin kuka. Na ajiye almakashi na kwance shi. Da kansa ya ruga bayan gida, ina biye, ya hau yashi ya yi, sannan ya zo ya zauna a gabana yana kallon bakin zanina. Yau ne karo na farko da shi ya kira ni. Na ba shi hanta uku. Na kira maigida a kasuwa na gaya masa, ina jin hayaniyar masu sauke kaya a bayansa, ya ce, "Alhamdu lillahi, sannu da ƙoƙari."

Lahadi, 11 ga Agusta

Kwana 16 a jere babu ɓarna, sai jiya. Mata uku sun zo karɓar ɗinkin anko, ana ta gwaji ana gyara, na ji kukansa sau biyu na ce bari in gama wannan hannun rigar. Da na fito ya yi a bakin ƙofar katako. Ya kira, ni ce ban amsa ba. Na wanke ban ce masa komai ba.

Tun farkon watan nan yake kwana har asuba, daga ƙarfe 10:30 zuwa 5. Na kashe ƙararrawar dare. Ruwan sha ina barin masa har isha'i saboda zafi, bayan nan in ɗauke, in fitar da shi sau ɗaya kafin mu kwanta.

Asabar, 31 ga Agusta

An mayar da kejin tsakar gida kusa da get, ƙarƙashin rumfar kwano, an cire falankin tsakiya. Da dare a sake shi, da safe a mayar. Tsoron da nake yi shi ne idan ya samu faɗin tsakar gida zai riƙa yi ko'ina, musamman wajen famfo inda muke alwala. Kwana biyar ke nan, duk safiya a yashi nake samun kashin, in kwashe da shebur ƙarami in ɗaure a leda kafin motar shara. Yashin ina canza na sama duk sati biyu, idan ba haka ba zarni na tashi da rana ta buɗe.

Inna ta zo ranar Laraba. Na sa shi a keji kafin ta shigo, na ce wa yara kada kowa ya kula shi sai ya natsu. Ta zagaya lungu da kicin, ta yi sallarta a falo, da za ta tafi ta tsaya nesa da kejin ta ce, "Ya girma." Ba ta ƙara komai ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Wata shida da 'yan kwanaki. Ranar Talata na gan shi ya ɗaga ƙafa a karon farko, a jikin tayar mota, ɗigo kaɗan, ya wuce ya sake yi a ƙafar get. Alhamis kuma maigida ya sauke buhun albasa a baranda, kafin a shigar da shi Hadari ya shinshina ya ɗaga ƙafa. Na tafa hannu, ya fasa, amma gefen buhun ya samu. Muka zazzage albasar, muka ware ta gefen muka wanke, buhun aka jefar.

Wannan ba cikar mafitsara ba ce, sa alama ce irin ta namijin kare da ya fara balaga, kuma sabon abu mai baƙon wari ya fi jan shi. Likita ta ce fiɗiya na rage wannan hali ga karnuka da yawa, amma ga mai babban jiki irinsa ta fi son a jira ƙashinsa ya ƙara ƙwari, mu koma mu tattauna idan ya kusa shekara. Maigida na tsoron fiɗiyar za ta kashe masa zafin gadi, ya ce zai je da kansa ya tambaye ta.

Kafin nan, kayan kasuwa ba sa kwana a baranda, daga but ɗin mota sai sito a rufe ƙofa. Jikin get da tayoyi na bar masa, ina kora su da ruwa da safe. Wajen famfon alwala kuma gobe mai walda zai zo ya auna, a kewaye shi da raga mai ƙofa.